Wace Giya Ce Ta Dace Da Keken Ƙauye?

'Yan'uwa masu karatu, kada kan maganar nan ya firgita kowa. Ba giyar sha nake nufi ba, wadda dattawan ikkilisiya suke ta jan kunnenmu a kanta. Giyar keke nake nufi, wato abin da ke sa feda ta yi sauƙi a hawa, ta kuma ƙara gudu a miƙaƙƙiyar hanya.

Tun da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, babura da yawa sun koma zaure an lulluɓe su da buhu. Masu bishara, malaman gona, ma'aikatan lafiya na ƙauye da shugabannin zumuntar mata sun soma waiwayar keke. Kwamitocin gundumomi kuma suna zama a kan maganar saya wa ma'aikata kekuna. Idan an zo wurin zaɓe, akan ji wani ya ce, "A sayi mai giya da yawa, shi ne na zamani." Kuɗin da za a kashe kuwa baiko ne, daga hannun gwauraye da manoma ya fito. Saboda haka ya kamata mu san abin da muke saye.

Ra'ayina shi ne, giyar da ta fi kowace ita ce wadda mai gyaran keke na kasuwarku zai iya buɗewa ya gyara ya mayar. A ƙasar tudu, wannan ita ce giya 3 ta cikin hob. A ƙasar fili kuwa, keke marar giya ya wadatar. Ga dalilaina.

GIYAR WAJE DA GIYAR CIKI

Giyar keke iri biyu ce. Ta farko ita ce ta waje, wadda muke gani a kekunan gwanjo masu manyan tayoyi. Akwai farantai masu haƙora jere a wilin baya, da wani hannun ƙarfe da ke lilo a ƙarƙashinsu yana tura sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan. Komai nata a fili yake. Ƙurar hunturu tana shiga, lakar damina tana liƙewa, ciyawa tana nannaɗewa. Idan keken ya faɗi ta dama, ko an ɗora shi a kan mota ranar kasuwa an danne shi da buhuna, hannun nan ya lanƙwashe.

Ta biyu ita ce ta ciki. An ɓoye ta cikin tulun ƙarfen da ke tsakiyar wilin baya, wanda masu gyara ke kira hob. Daga waje faranti ɗaya tak za ka gani. Sarƙarta mai kauri ce, a miƙe take tafiya, ana kuma iya rufe ta da gidan sarƙa don kada ta ci wando ko zane. Wilin yakan fi ƙarfi, domin wayoyinsa na dama da na hagu suna ja kusan daidai. Wani babban amfaninta kuma, kana iya sauya giya kana tsaye. Wanda ya taɓa tsayawa a tsakiyar hawa da buhun masara a kariya ya san darajar wannan.

Tana da nata aibi. Ta fi nauyi. Cire wilin baya don faci yakan ɗauki lokaci. Sai ka ɗan sassauta ƙafa kafin ta yarda ta sauya. Idan kuma ta lalace a ciki, ba kowa ya san ta ba.

YADDA TAKE AIKI

Mutane da yawa suna tsoron hob kamar akwai aljani a ciki, alhali abin ba wuya. Mu ɗauki mai giya 3. A jikin sandan da ya ratsa tsakiyar wili akwai wani ƙaramin ƙarfe mai haƙora 20 da ba ya motsi. Turawa suna kiransa rana. Wasu 'yan'uwansa guda 4 suna kewaya shi, kamar yadda 'yan rawa ke kewaya makaɗi. Sa'an nan wani zobe mai haƙora 60 ta ciki ya rungume su duka.

A giya ta biyu ƙarfin ƙafarka yana zuwa ga wili kai tsaye, kamar keke marar giya. A giya ta ɗaya ƙarfin yana shiga ta zoben ya fita ta masu kewayawa, sai farantin baya ya juya sau 4, wili ya juya sau 3. Wannan ita ce ta hawa. A giya ta uku an juya hanyar: faranti sau 3, wili sau 4. Wannan ita ce ta gudu. Iyakar sirrin ke nan. Masu giya 7, 8 ko 14 wannan dabarar ce aka riɓanya, hawa a kan hawa, cikin tulu ɗaya. Ƙarin giya, ƙarin ƙananan ƙarafa ne da za su iya lalacewa.

BARI MU JERA SU

Na farko, Sturmey-Archer. An kafa shi a birnin Nottingham na Ingila a 1902, a ƙarƙashin kamfanin Raleigh, wanda iyayenmu suka sani ƙwarai, har ya taɓa yin masana'anta a Kano. Hob ɗinsa da ya fi suna shi ne AW, wanda ya fito a 1936, shi ne kuma na bayyana a sama. Nauyinsa kimanin kilo ɗaya ne. Giya ta ɗaya tana rage kashi 25 cikin ɗari, ta uku tana ƙara kashi 33. A jikin tsofaffin na Ingila an buga shekara da watan da aka yi su, akwai kuma ɗan murfin zuba mai. Za ka iya samun wanda ya girme ka yana aiki sumul. Ana buɗe shi da kayan aikin da kowane mai gyara yake da su, ana kuma sauya ƙarafansa ɗaya-ɗaya. Aibin tsohon shi ne, akwai gurbi tsakanin giya ta biyu da ta uku. Idan wayar ba ta daidaita ba, feda takan zame ta juya a banza, wanda ya miƙe a kanta kuwa zai ji jiki. A shekara ta 2000 kamfanin ya durƙushe, SunRace na Taiwan ya saye shi ya kwashe aikin zuwa can. Sababbin da ake yi yanzu an toshe wannan gurbi.

Na biyu, Sachs Torpedo na birnin Schweinfurt a Jamus. Za ka same shi a kekunan gwanjo da suka fito daga Jamus da Holan, sau da yawa haɗe da birkin da ake takawa da baya. Ƙarfe ne mai kyau ƙwarai. Tazararsa ta ɗan fi ta AW: yana rage kashi 27, yana ƙara kashi 36. Amma kamfanin SRAM na Amurka ya sayi sashen kekuna na Sachs a 1997, a 2017 kuma ya daina yin giyar ciki gaba ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, babu sabon kayan gyara da ke fitowa daga masana'anta. Sai dai a ciro daga mataccen hob a raya wani. Wanda ya same shi a kekensa ya more shi, amma gunduma kada ta ɗora shirinta a kansa.

Na uku, Shimano Nexus mai giya 3, na Japan. Shi ya fi yawa a kekunan gwanjo masu kwando a gaba. Tazararsa kusan ɗaya ce da ta Sachs. Yana sauya giya a hankali, ba shi da gurbin zamewa, har yanzu kuma ana yinsa. Rauninsa a waje yake. Akwai wani ɗan akwati a bakin sandan wili ta dama, da siririn tsinken ƙarfe da yake turawa ciki. Idan keken ya faɗi akwatin yakan fashe, tsinken kuma yakan ɓace a wurin mai faci. Idan cikin ya lalace, yawanci sai a sauya shi dunƙule.

Na huɗu, manyan Shimano. Mai giya 7, giyarsa ta sama ta ninka ta ƙasa kusan sau biyu da rabi. Mai giya 8 ya kai sau uku da ɗan ɗori. Alfine mai giya 11, wanda ya fito a 2010, ya kai sau huɗu. A kwatanta da AW, wanda bai kai sau biyu ba. Babu musu, sun fi daɗin hawa. Amma sun fi nauyi, sun fi faɗi, mai giya 8 yana bukatar sama da milimita 130 tsakanin ƙafafun keke na baya, ba zai shiga tsohon Raleigh ko Phoenix ba sai an buɗa ƙarfen. Ruwa kuma abokin gabansu ne. Idan ya shiga ya kwana, tsatsa ta ci wurin boris, sai a nemi sabo.

Na biyar, Rohloff na Jamus, wanda ya fito a 1998. Giya 14 ne da shi, tsakanin kowace da mai bi mata kashi 13.6 cikin ɗari, ta sama kuma ta ninka ta ƙasa fiye da sau biyar. Cikin mai yake iyo, ana sauya man sau ɗaya a shekara ko bayan kilomita 5,000. Masu yawon duniya a kan keke suna yabonsa, sun kuwa yi gaskiya. Sai dai kuɗinsa shi kaɗai, ban da keke, ya haura Yuro 1,000, kuma mansa na musamman ne. Kuɗin guda ɗaya zai ɗora masu bishara da dama a kan sirdi. Ba na ƙin sa. Na ce dai ba kayan baiko ba ne.

LISSAFIN DA YA FI YAWAN GIYA AMFANI

Ga wani abu da masu saye ba su cika dubawa ba. Mu ɗauki keke mai wili inci 28, da haƙora 44 a farantin feda, da 18 a na baya. Feda ta zaga sau ɗaya, keken ya tafi kusan mita 5 da rabi. Idan ka sa masa AW, giya ta ɗaya za ta ba ka mita 4 da ɗan kaɗan, ta uku kuwa sama da mita 7. To, wane ne cikinmu yake bukatar mita 7 a hanyar burji da kaya a baya? Ta uku ta zama ado, ta ɗaya kuma ba ta yi sauƙin da ake bukata ba. Wannan ne ya sa wasu suke cewa giya 3 ba ta da amfani.

Maganin mai araha ne. A cire farantin baya mai haƙora 18 a sa mai 22, a ƙara ɗan tsawon sarƙa. Yanzu ta biyu ta koma kusan mita 4 da rabi, daidai da tafiya da kaya. Ta ɗaya ta koma mita 3 da sulusi, ta hawan tudu da ratsa yashi. Ta uku ta koma kusan mita 6, ta dawowa gida babu kaya. Duka ukun sun zama na aiki. Abin daɗi kuma, farantin nan mai kunnuwa uku ne, zobe ɗaya ke riƙe shi, iri ɗaya ne a Sturmey-Archer da Sachs da Nexus. Sai dai kada a zarce. Ka'idar masu gyara ita ce haƙoran gaba kada su kasa ninki biyu na haƙoran baya, don kada ƙarfin ƙafa ya fi ƙarfin abin da ke ciki.

Mai bishara na Pankshin, ko Kagoro, ko Michika, ko Gembu ba tsere yake yi ba. Bukatarsa ita ce ya kai ƙauye na gaba da sauran numfashin yin wa'azi. Sannu ba ta hana zuwa.

ABIN DA WASU ZA SU CE

Wani zai ce, "Malam, a kasuwarmu kayan giyar waje sun fi samuwa. Kekunan gwanjo sun cika ko'ina, kowane yaro ya iya taɓa ta." Wannan gaskiya ne, ita ce kuma hujja mafi ƙarfi a kan maganata. Mutumin da yake saya wa kansa keke ɗaya, yana nesa da wanda ya san hob, giyar waje za ta iya fi masa. Amma a duba sau nawa ake zuwa wurin gyaran. Giyar waje kayanta suna kusa, tana kuwa neman su kullum: sarƙa siririya mai saurin cinyewa, hannu mai lanƙwashewa, farantai masu ƙarewa. Giyar ciki kayanta suna nesa, amma takan daɗe ba ta nema ba. Ikkilisiya kuma tana da abin da mutum ɗaya ba shi da shi. Tana iya sayen kekuna iri ɗaya, ta sayo kayan gyara tare, ta koya wa mutum ɗaya. Abin da ya gagari mutum ɗaya ba zai gagari gunduma ba.

Wani kuma zai ce, "Iyayenmu da keke marar giya suka kai bishara ko'ina. Me ya kawo wannan duka?" Shi ma yana da gaskiya, a inda ƙasa take shimfiɗe. A kewayen Kano, ko Haɗeja, ko Maraɗi, ban ga dalilin kashe kuɗi a kan giya ba. Ga misali da ya isa a yi tunani a kai. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, tana raba keken da ake kira Buffalo ga ɗalibai da ma'aikatan lafiya da manoma a ƙasashe irin su Zambiya, Kenya, Malawi da Zimbabwe. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, F.K. Day, yana cikin waɗanda suka kafa SRAM, wato gidan giya ne. Duk da haka keken da suka yi wa ƙauye marar giya ne, da birkin takawa baya, da kariya mai ɗaukar kilo 100. Da suka tashi ƙara masa giya saboda masu hawan tudu, a 2024, biyu kawai suka sa. Suna kuma horar da masu gyara a yankunan da suke raba kekunan. Waɗanda suka fi mu sanin giya sun zaɓi kaɗan. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

SHAWARA GA KWAMITI

Na ɗaya, a duba ƙasar da keken zai yi aiki. Idan fili ne, a sayi marar giya mai ƙarfi, a sa rarar kuɗin cikin taya mai kyau da famfo. Idan tudu ne, a nemi giya 3.

Na biyu, gunduma ta tsaya a kan iri ɗaya. Idan sabo za a sayo, ni Sturmey-Archer zan zaɓa, domin ana gyaransa ƙarfe-ƙarfe. Idan kuwa kekunan gwanjo masu Nexus ne suka fi yawa a kasuwarku, a tsaya a kansa. Abin da ba shi da kyau shi ne kekuna goma, hob iri biyar.

Na uku, kafin a biya kuɗin hob, a ƙirga ramukansa. Tsofaffin kekuna irin na Ingila ramuka 40 ne a wilin baya, yawancin na yanzu 36. Idan ba su yi daidai da na da'irar wilin ba, ba za su ɗauru ba. A tabbata kuma an haɗo da wasoshin nan masu ɗan kunne da ke hana sandan juyawa. In babu su, sandan zai cinye bakin ƙarfen keke.

Na huɗu, a ware wani abu daga kuɗin don akwatin kayan gyara: wayoyin giya, 'yar sarƙar da ke fitowa ta notin dama a Sturmey-Archer, tsinke da akwatin Nexus, da farantai masu haƙora 22. Waɗannan ƙanana ne, amma su ne suke kwantar da keke wata da watanni. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na biyar, a zaɓi saurayi ɗaya ko budurwa daga ƙungiyar matasa, a ba shi mataccen hob ya buɗe ya mayar har hannunsa ya saba. Ya sami sana'a, gunduma ta sami mai gyara. Masu gyara kuma ina roƙonku, idan aka kawo muku keken gwanjo mai giyar ciki, kada ku yi saurin yanke wilin ku sa firwil. Sau da yawa waya ce kawai ta saki. Idan ma ya mutu, ku ajiye shi, cikinsa zai raya wani.

GA MAI HAWA

Daidaita giya 3 ba ya bukatar makaranta. A giya ta biyu ake yi. A Sturmey-Archer, ka leƙa ta ramin notin dama, ka juya abin daidaita waya har kafaɗar sandar da ke haɗe da 'yar sarƙar ta zo daidai da bakin sandan wili. A Nexus, ka duba tagar akwatin, ka daidaita layin da ke motsi da alamar da aka zana. Ka riƙa dubawa duk lokacin da aka cire wili.

Idan hob ɗinka mai murfin mai ne, ka ɗiga masa man inji mai tsabta kaɗan-kaɗan, ba baƙin mai da aka juye daga mota ba. Kada ka kuskura ka sa man gyaɗa ko manja. Sukan daskare su zama kamar ƙaro, su riƙe 'yan harsunan ƙarfen da ke ciki, feda ta daina kamawa. Wanda ba shi da murfi giris ne a cikinsa, sai mai gyara ya buɗe lokaci-lokaci. Idan ka zo rafi da damina, ka saɓa keken a kafaɗa, kada hob ya nutse. In za ka sauya giya, ka ɗan sassauta ƙafa. Wanda ya kiyaye waɗannan, kekensa zai iya zama gado.

A Luka sura 14 Ubangijinmu ya ja kunnen mai fara gini ba tare da ya san ko aljihunsa zai kai shi ƙarshe ba. Sayen keke ma gini ne. Kuɗinsa ba ya ƙarewa ranar da aka yi addu'ar keɓewa a gaban majami'a. Tambayar da kwamiti zai yi ita ce, bayan damina biyar, keken nan yana kan hanya ko yana jingine a ɗakin ajiya? Mu wakilai ne a kan abin da aka danƙa mana, za a kuma tambaye mu. Ku kai maganar nan zaman kwamitinku na gaba, ku kuma gayyaci mai gyaran keke na garinku ya zauna tare da ku kafin a yanke shawara. Allah ya ba mu hikima, ya kiyaye masu tafiya a hanya. Amin.